Mai Ɗaukar Bidiyon Zaure

Ranar da aka fara rusau a Malali, Malam Datti ya tarar da wani baƙo ya kafa kyamara a ƙofar zaurensa.

"Samari, layi ya zo kaina ke nan?"

"A'a Baba, ba gwamnati ce ta turo ni ba. Bidiyon zauruka nake ɗauka, kafin a mayar da su gareji."

"Ba ango, ba amarya? Bango kawai?"

"Bango da inuwarsa."

Malam Datti ya yi ajiyar zuciya. "Ɗauki abinka. Bangon ya fi maƙwabtana hankali."

Har baƙon ya naɗe wayoyinsa ya tafi, Malam Datti bai iya ce masa ya haska daɓen ƙasa ba. Daɓen nan, marigayiya matarsa ce ta yi shi da hannunta.