Bindigar Yaya

Auta: Salamu alaikum, Yaya. An wuni lafiya?

Yaya: Lafiya ƙalau, Auta. Ya gajiyar jiya?

Auta: Ta bi jiki. Ya su Anti da yara? Ya shago?

Yaya: Duk lafiya. Kai, ku kashe injin nan, waya nake! Ina jin ka.

Auta: Dama... kan gasar gem ɗinmu na waya ne. Wasan ƙarshe na gobe. Mun ɗan zauna da su Dogo da Tela.

Yaya: Kun zauna? Ba ni?

Auta: Cewa aka yi a sake rabon aiki. Dogo ya karɓi doguwar bindiga, kai ka riƙe jakar magani.

Yaya: Jakar me? Layin na yankewa.

Auta: Magani, Yaya. Mai tayar da wanda aka harbe.

Yaya: Lallai! Ni zan riƙa bin ƙannena a baya ina shafa musu magani? Wa ya haɗa ƙungiyar nan? A bayan shagon wa kuke zama, cajar wa kuke ci?

Auta: Naka ne, amma...

Yaya: Tun farko babba ke ɗaukar bindiga, haka muka tsara!

Auta: Shi ya sa ake cin mu! Gem bai san babba ba, Yaya. Jiya mutum na tsaye ƙiƙam a gabanka, ka harbi tankin ruwa.

Yaya: Allon ne ya tsaya!

Auta: Kullum allon ne? Ka ƙi sa tabarau, sai ka kai wayar bakin hanci. Mu huɗu muna mutuwa muna kare ka, saboda in mai bindiga ya faɗi an gama.

Yaya: Kai, Auta! Ni kake faɗa wa haka? Da hannuna na koya maka riƙe waya! Wallahi raina ya ɓaci. To ku nemi na biyar, na fita.

Auta: In ka fita an cire mu, an rufe rajista. Ka saurare ni mana!

Yaya: Ba na ji.

Auta: Ka san me ya kashe mu jiya? Ni da Tela muka faɗi tare, allura ɗaya ta rage a jakar maganin da ke hannun Dogo. Dogo ya tsallake ni ya tayar da abokinsa, alhali ni ke riƙe da ƙofa. Har yau ba ma magana. Duk wanda ya riƙe jakar nan sai an yi rigima da shi. Kai kaɗai ne in ka ce wane zai tashi, wane ya kwanta, ba mai ɗaga maka murya.

Yaya: Kai da kake ɗaga min yanzu?

Auta: Tuba nake.

Yaya: Daɗin baki! Ƙarfe nawa ne wasan?

Auta: Huɗu.

Yaya: Ka ce wa Dogo in ya harbi tanki ko sau ɗaya, bindigata ta dawo. Kai kuma gobe ka kula da kanka, don in ka faɗi, Tela zan tayar.

Auta: Haba Yaya, ni fa ƙanin... Yaya? Yaya!