Likitan da Ya Auna Kwat ɗin Baba

Malam mai karanta mana wasiƙu, sannu da aiki. Ni ce Hajara daga Gada Biyu.

Mahaifina tsohon leburan kuza ne. Wata uku yana tari, har da jini, sai na kai shi asibiti. Kun san sanyin Jos: Baba ya sa riga da suwaita, ya ɗora tsohuwar kwat. Wani sabon likita ya shigo da ɗalibai biyar, ko gaisuwa babu. Ya ɗora abin awo a kan kwat ɗin, ya ce wai ƙirji lafiya lau. Ɗaliban suka gyaɗa kai, suka rubuta!

Na ce, "Likita, ba zai tuɓe ba?"

Ya ce, "Ke kika yi karatun ko ni?"

Daga baya, wani tsohon dispensa ne a Bukuru ya sa Baba ya tuɓe, ya saurara, ya tura mu ɗaukar hoton ƙirji. Ashe tarin fuka ne.

Jama'a, wa zan kai wa ƙara? Biyar ɗin nan su ne likitocinmu gobe. Ogan nasu kuwa, a gaishe shi, a ce kwat tana nan lafiya ƙalau. Baba ne a kwance.