Katunan da Gara Ta Ci

A mafitar jirgin ruwa ta Jimeta, Dakta Hayatu, malamin kwamfuta a jami'a, ya nuna wa wani tsoho akwatin katunan bincikensa, masu hujin da na'ura ke karantawa a jere.

"Bappa, ɗan Adam ya kusa hutawa da tunani, na'ura za ta karɓa. Riƙe mini in yi alwala."

Ya dawo ya tarar da rabi.

"Ina sauran?"

"Ɗana, gara ta gama da kai, duk huji ne. Na tsince maka masu dama-dama, sauran na ba mai shayi ya hura wuta. Ba sai ka gode ba."

Dakta ya daɗe yana kallon tukunyar mai shayin a kan wuta. Ya biya shayi biyu.