Lambobin Jakar Iska

A tashar Nnewi muna jiran mota ta cika, ina fama da okpa, alalen gurjiya, da ragowar haƙorana. Wani mai fayil a cinya yana ta tsaki, har matar da ke gefensa ta tanka.

"Oga, lafiya?"

"Ina fa lafiya, Madam? Motoci muke haɗawa, amma hukuma ta mai da mu magatakarda! Kowace jakar iska ta kare direba a hatsari muka sa a sitiyari, sai an rubuta lambarta da motar da ta shiga. Duk wata uku rahoto! Wa ke karantawa?"

"To, kuna rubutawa?"

"Da wane lokacin? Na bara nake kwafa, in sauya kwanan wata."

"Au, ashe kai ne! Dubi haɓata. Jakar motata ce ta fashe ta tsaga ni. Na je kamfani, suka duba takarda suka ce tawa lafiyarta ƙalau."

"Madam, ba lallai kamfaninmu ba ne."

"Buɗe fayil ɗin mu gani! Irin motar mijina ke kai yara makaranta da ita."

Ya rungume fayil, ya ce wa kwandasta zai jira mota ta gaba.

"Ni ma sauke min kayana," in ji ta.