Mai Tsaron Gari Ranar Juma'a

A tashar Kalgo, motar Gwandu ta ƙi cika. Wani mai jar hula sai jujjuya wayarsa yake, caji ya ƙare. Na kusa da shi ya dube shi.

"Malam, lafiya? Ka kasa zama."

"Ina lafiya! Wasan yaƙin nan ne na waya. Ƙungiyarmu duk 'yan Gwandu ne, abokan gaba suka gano lagonmu. Liman na tayar da sallar Juma'a, sai su afka wa garinmu."

"Ku bar mutum ɗaya gadi mana."

"Wa zai bar Juma'a don wasa? Sai na ba matata Kubura tsaron."

"Ta yi muku ɓarna?"

"Ina! Ta ɓoye maharba bayan ganuwa, ta bar ƙofa buɗe. Suna shigowa ta rufe, ko ɗaya bai fita ba. Direba, don Allah mu tafi!"

"To mi ya kawo gaggawa?"

"Ita suka naɗa kwamanda. Ta ce duk sojan da bai hallara ba kafin la'asar, korarre ne."

"Har kai maigida?"

"Sunana ta fara kira."