Jiminonin da Yara Suka Ƙi Hawa

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Mahdi Rikkos. Mataimakiyarsa, Madam Bernadette. 'Yan kwamitin Filin Wasan Yara na Tudun Kuza. Malamanmu na masallaci da na coci da suka amsa gayyata. Iyaye mata da iyaye maza da suka taso daga Bukuru, da Anguwan Rukuba, da Rikkos. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum, barkanku da hantsi.

Sunana Shu'aibu Salim, ni ne mai kula da filin nan shekara tara ke nan. Ina godiya da aka ba ni dama in yi magana kafin a kaɗa ƙuri'a. Abin da ke gaban taro shi ne shawarar kwamiti cewa a sallami Malam Dung, mai waldarmu kuma mai fentinmu, saboda aikin da aka yi wa lilo mai juyawa. Ban iya jawabi ba, don haka na zo da littafin da nake rubuta abin da ya faru kowace rana, domin ban yarda da ƙwaƙwalwata ba.

Na farko, yadda abin ya samo asali. A hutun Kirsimeti da ya wuce wani fim ɗin zane ya shigo gari, na wasu tsuntsaye a daji. Kun ga yadda ya ci kasuwa. Mako shida ana nuna shi, layin yara yana fitowa daga sinima har bakin titi, jakunkunan makaranta da robobin ruwa duk sun cika da hotunansa. A makonnin nan filinmu ya zama kango. Na rubuta cewa wata Asabar yara goma sha ɗaya kawai suka shigo, huɗu daga cikinsu 'ya'yan mai gadi ne. Madam Bernadette ta ba mu labarin yadda ake yi a ƙasashen waje: idan fim ya karɓu, sai manyan filayen wasa su gina masa wuri, yaro ya hau abin da ya gani a allo. Kwamiti ya ce mu ma mu gwada daidai ƙarfinmu, a mayar da kujeru takwas na lilon, waɗanda ke da siffar taragon ɗaukar kuza, su koma siffar tsuntsun fim ɗin. Har yau ina ganin shawarar sauya lilon ba ta da laifi.

Na biyu, abin da ya faru ranar buɗewa. Malam Dung ya yi wata guda cur yana lanƙwasa ƙarfe, ya fitar da jiminoni takwas, farare tas, masu dogon gashin ido da jar hula, suna murmushi. Duk babban da ya gan su sai da ya yaba. Muka buɗe washegarin ƙaramar Sallah, yara suka cika filin, aka kunna inji, amma babu yaron da ya hau. Ina tsaye Madam Anene ta ɗaga 'yarta Nkiruka, mai shekara shida, za ta ɗora ta, yarinyar ta ƙanƙame wuyan uwarta tana cewa, "Ni ba zan hau ɓarauniya ba!" Na ce, "Wace ce ɓarauniyar?" Sai 'yata Hasiya ta ja mini riga, ta ce, "Baba, ai ita ce ta sace ƙwan zabuwa. Ita ce muguwar." Kafin la'asar yara sun koma jifan jiminonin da ledar ruwan fiya wata.

Jama'a, jarumar fim ɗin wata 'yar zabuwa ce mai launin toka-toka, tana can ƙuryar fosta, ba ta kai tafin hannu ba. Jiminar da ta cika tsakiyar fostar ita ce azzalumar labarin. Duk yaron Jos ya san haka, mu manya ne ba mu sani ba.

Na uku, kuma shi ne dalilin tsayuwata. An ce Malam Dung ya yi gaban kansa, an ce bai yi tambaya ba. Da aka faɗi haka a zaman kwamiti ina wurin, kuma na yi shiru. Na gaya wa kaina wataƙila haka ne, wataƙila na manta. Sai na koma na duba littafi. Ku ba ni izini in karanta. "Talata, sha ɗaya ga Fabrairu. Na kai wa Dung fosta. Ya ce, 'Oga, ba gara mu je mu kalli fim ɗin nan tukuna ba? Ni ban san wanene wanene a ciki ba.' Na ce masa ni da furfurata ba zan zauna cikin yara ina kallon zane ba, kuma mutane za su gan mu. Na nuna masa babbar tsuntsuwar na ce ita za a yi." A ƙasa na ƙara layi ɗaya: "Ya sake tambaya da zan tafi. Na ce ya yi abin da aka sa shi."

Sau biyu ya tambaya, sau biyu na hana shi. Kunya ce ta hana ni shiga sinima, kunya ce kuma ta rufe mini baki a gaban kwamiti, shi kuwa bai tona ni ba har yau. Mutumin nan shekara goma sha huɗu yana ɗaure kowace ƙusa da ke filin nan, kuma a tsawon aikina ba a taɓa samun yaron da ya faɗo daga abin da ya ƙera ba. Da wannan aikin yake riƙe da iyalinsa.

Na huɗu, abin da nake roƙo. Makon jiya ni da Malam Dung mun je gidan Madam Anene, ta kunna mana fim ɗin, mun kalla daga farko har ƙarshe, yara suna yi mana bayani. Ya ce wuyan kawai zai rage, ya sake musu kai, ya canza fenti, jiminonin su koma zabi cikin mako uku. Ina roƙon a bar shi ya yi. Ina kuma roƙon a sa doka, daga yau duk wanda zai taɓa wani abin hawa da sunan fim, sai ya zauna ya kalli fim ɗin, komai shekarunsa.

Idan kuma taro ya ga lallai sai an sallami wani, to a sallami wanda ya ba da umarni. Ranka ya daɗe, ga makullan filin na ajiye a gabanka, ba zan ɗauka ba sai an gama ƙuri'a.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci a yau, Ya raya mana yaranmu, Ya ɗorar da zaman lafiya a garin Jos, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.