Ruwan Bayan Dutse

"Ka shanya mu a rana saboda hoto!" in ji direban, da fasinjansa mai ɗaukar hoto ya dawo tasha a makare ran Lahadi, wandonsa sharkaf.

"Yi haƙuri, Baba. Dubi abin da ya riƙe ni."

Direban ya karɓi kyamarar yana tsaki. Ruwa ne fari fat yake zubowa daga kan dutse, ga bakan gizo a gindinsa. Tsakin ya maƙale.

"Ina ne nan?"

"Bayan dutsen can."

"Tun gemuna na baƙi nake kawo mutane nan. Ƙararsa kawai na sani."

"Mu je mana, ba nisa."

Direban ya dubi motarsa cike da fasinja, ya sake duban hoton.

"Su kuma waɗannan, wa zan bar wa?"